Sandar da Ta Sha Laima

Kwanan nan aka rushe tukubar tsiren da ke bakin layinmu a Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan. Mai ita ya daɗe da rasuwa, 'ya'yansa kuma sun koma gasa nama a kan ragar ƙarfe, don haka babu wanda ya damu da aka zo da diga aka baje tudun ƙasar, aka ce shagon cajin waya za a kafa a wurin. Ni ma na dogara kwagirina na wuce masallaci. Amma tun ranar raina yake a jagule, domin a jikin tukubar nan muka yi ta ɗumama sandunan walda duk tsawon ƙuruciyata, kuma na duba ban ga wanda ya rage da zan yi wannan hira da shi ba. Sanda dai ita ce 'yar siririyar wayar nan mai ɓawo da mai walda ke maƙalawa a bakin mariƙin da muke kira holda, wuta ta narkar da ita ta haɗe ƙarfe biyu.

Rumfar da na koyi aiki ta kawuna ce, Kawu Isiyaku, ƙanin mahaifiyata, tana can gangare ta wajen Mokola. Kakanninsa maƙera ne. Shi ya bar zuga-zugi ya kama wutar lantarki, amma halin maƙera bai bar shi ba: ba ya son surutu, ba ya yabo, kuma in ka jefar da kayan aiki a ƙasa sai ka gwammace mari da irin kallon da zai yi maka. Har yau ina jin safiyar rumfar nan a kunnena. Injinmu ƙato ne mai cike da baƙin mai, da an kunna shi sai ya kama ruri ƙasa-ƙasa, ka riƙa jin sa a tafin ƙafarka. Sai ƙarar 'yar gudumar da ake ɓantare kashin walda, wato ɓamɓarokin da ke daskarewa a kan haɗin, sai hucin ƙarfe mai zafi in an tsoma shi a ruwa, sai matan Yarabawa masu tallan burodi da wake, sai karatun yara daga Islamiyyar da ke bayanmu. In damina ta kankama kuwa, ruwa a kan kwano ya danne komai, mu kashe inji mu jingina da bango mu jira. Injinan yanzu ana rataya su a kafaɗa, ba su da murya, ba su da nauyi, kuma ban ga wanda ya tsufa a hannun mai shi ba.

Kawu ba ya aiken kowa sayen kayan aiki. Da ƙafarsa yake shiga gari, ni ina biye da jaka, mu ɓata yini a kan abin da wani zai saya yana tsaye. Baƙin gilashin kare ido ba ya sayensa sai rana ta take tsaka. Zai fita da shi waje ya ɗaga ya dubi rana ta cikinsa, in ta fito masa 'yar ƙarama, kore-kore, idonsa bai kawo ruwa ba, to ya yi. In ta yi masa haske ko kaɗan sai ya miƙa wa mai shago abinsa, ko da zai rantse da duk abin da ya sani. Yakan ce shi dai bai taɓa ganin shagon da ake sayar da ido ba. Holda kuwa sai ya sa mata sanda ya kaɗa da ƙarfi ya ga ko za ta saki. Kebur a hannu yake auna shi, domin mai tagulla na gaske yana da nauyi. Safar hannu sai ya shinshina ta ya tabbatar fata ce, in mun dawo kuma a shafe ta da man kaɗanya kada ta bushe ta tsage. Kowace yamma a goge gilashi da tsumma mai laushi, a naɗe kebur a rataye, a kankare bakin holda. Yanzu, da ɗan ganin da ya rage mini, ina hangen yara suna walda da tabarau irin na zuwa biki, wasu ma kau da kai suke yi su runtse ido, su bar hannu ya lalubi hanya. Ba na ganin laifinsu sosai, haka suka tarar, amma abin yana ci mini rai.

Duk cikin kayan nan babu wanda Kawu ke tattali kamar sanda. Ibadan gari ne mai laima, wanda aka haifa a nan ba ya ma lura sai ya je wani wuri. Gishiri ya jiƙe a kwano, ashana ta ƙi kamawa, takalmin fata ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado. Haka ɓawon sanda yake tsotsar laimar nan a ɓoye, ka taɓa ka ji shi a bushe alhali ya sha ya ƙoshi. Saboda haka in mun tashi aiki nakan tattara sandunan a wani dogon gwangwani in kai wa Baba Tanko mai tsire, wanda ya ƙwaƙule mana ɗan kogo a gefen tukubarsa. Nan suke kwana a ɗumin toka. In an fito sallar asuba in ɗauko su in naɗe a tsohon bargo, in ruga rumfa suna ɗumama mini ƙirji. Sandar farko da za a kunna kullum ƙamshin yaji da kitse take yi, mu yi ta haɗiyar yawu cikinmu babu komai. Baba Tanko yakan tsokane mu, wai mu kaɗai ne yake gasa wa abu ba mu taɓa cewa gishiri bai ji ba.

A kunne ake gane bambancin. Busasshiyar sanda muryarta ɗaya ce, a jere, kamar ana soya kifi. Wadda ta sha laima tari take yi, ta yi tartsatsi, ta ɗauke, ta dawo, kuma abin da take bari a cikin ƙarfe ba a ganinsa daga waje. Ba a daɗe ba na wuce wani yaro yana haɗa ƙofa a bakin titi, kwalin sandunansa a buɗe a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, na ji tarin nan tun daga nesa. Na tsaya na yi masa magana. Ya yi mini ladabi, ya ce ba wahala Baba, ya ƙara da wani abu cikin Yarabanci abokansa suka yi dariya. Na so in zauna in ba shi labarin Yaya Habu, amma na ga yana sauri.

Ina saurayi, hannuna ya fara faɗawa da aiki, Yaya Habu ya zo mana daga wani gari a ƙasar Katsina. Ɗan yayan Kawu ne, ya girme ni da 'yan shekaru, kuma da sana'arsa ya zo. Ya baro mata da jaririya a gida, da niyyar in ya kafa rumfar kansa ya aika su taho. Ban taɓa ganin hannu irin nasa ba, ban kuma sake gani ba. Layin waldarsa, wanda muke kira ɗinki, yakan fito sumul a jere kamar kitso, har Kawu da ba ya yabo ya tsaya a kansa ya yi gyaran murya, mu kuwa mun san abin da wannan ke nufi. Wajen kula da kaya ma ya fi mu. Gilashinsa a cikin wani ɗan akwatin katako yake da ya sassaƙa da kansa, kuma shi ya koya mini naɗe kebur yadda ba zai murɗe ba. Mutum ne mai fara'a da tsokana. Ya sa Hausarmu a gaba, in ya yi tuntuɓe na ce masa pele maimakon sannu sai ya riƙe ciki yana dariya, ya ce ni Bayarabe ne aka yi wa kaciya da Hausa. Na so shi ƙwarai, har tafiyarsa nake kwaikwaya.

Abu ɗaya ne bai shiga kansa ba, shi ne kai sanda wurin mai tsire. Ya ɗauka camfi ne muka tsinta a wurin maƙeran Yarabawa, in ya gan ni da gwangwani sai ya tambaye ni ko da albasa za a naɗo mini. Kuma ba wauta ba ce ta sa shi haka. Inda ya fito, ko da damina in ka yi shanya kafin ka gama cin abinci ta bushe, kwalin sanda ya shekara a buɗe babu abin da zai same shi. Duk iyawarsa a can ya koye ta, a can kuma gaskiya ce. A lokacin rani ya zo mana, kuma muddin Kawu na nan sandunan da aka ɗumama ake aiki da su, don haka maganar ba ta wuce wasa ba.

Damina ta yi tsakiya aka kira Kawu Shagamu gyaran bodin motocin goro, ya bar rumfa a hannun Yaya Habu. A bayansa wani Alhaji mai saukar da fataken albasa da direbobinsu, waɗanda ke kawo kaya kasuwar Bodija, ya aiko yana son a kafa masa tankin ruwa na ƙarfe a kan dogayen ƙafafu, a farfajiyar da baƙinsa ke alwala. Ya kuma yi alkawarin in aiki ya yi kyau zai ba Yaya Habu fili a jikin gidansa ya kafa rumfa. Wato dai zuwan iyalin Yaya Habu a kan tankin nan ya rataya. Muka tura inji a amalanke muka kai gidan. Yaya Habu da kansa ya je ya zaɓo sanduna masu kyau, ya farke kwalayen don ya duba, ya jera su a wani ɗakin ajiya da bangonsa ke tsattsafo da ruwa. Da yamma na zo da gwangwanina, ya hana ni. Ya ce sababbi ne fil, ba zai bari a kai su hayaƙi da maiƙo su ɓata ba, wannan aikinsa ne ba na Kawu ba.

Ruwa kuwa kullum sai an yi. Ba a yi nisa da aikin ba na fara jin tarin. Na faɗa masa, ya ce wuta ce ba ta da ƙarfi. Na sake faɗa, ya ce in riƙe masa ƙarfe in rage wa'azi. Abin da ya fi ba ni baƙin ciki har yau shi ne gwanintarsa ce ta rufe ɓarnar. Da ni ne na riƙe holdar, da sandar ta fi ƙarfina, ɗinki ya fito a cakuɗe kowa ya ga ba daidai ba. Shi kuwa yakan bi ta a hankali, ya lallaɓa ta, ya danne tarin, in an ɓantare kashi sai ga layi sumul kamar kullum. Ni kaina in na duba sai in fara zargin kunnena.

Akwai wata al'ada a rumfar Kawu. Duk wanda ya haɗa abin da zai ɗauki mutum ko nauyi, shi ke fara gwada shi da jikinsa. In tsani ne shi zai fara hawa, in tanki ne ya zauna a ƙarƙashi har a gama cika shi. Wannan kam Yaya Habu ya yarda da ita, ya ce ta maza ce. Ranar cikawa ya shimfiɗa tabarma tsakanin ƙafafun nan huɗu, ya sa aka kawo masa shayi, 'yan garuwa suna miƙa ruwa sama. Ni ina can jikin bango na zuba wa gaɓoɓin ido. Tanki ya cika har ya tumbatsa, bai ko motsa ba. Fatake suka yi ta sa albarka, Alhaji ya nuna masa filinsa nan take. Ya ɗago kofi ya ce da ni, ɗan Sabo, ga shi ya tsaya ba yaji. Na yi dariya tare da kowa, kuma wallahi na ji daɗi, na so a ce ni ne ban san komai ba.

Da Kawu ya dawo, tun bai ajiye jaka ba na faɗa masa. Ya ɗauki 'yar gudumarsa muka tafi. Ya bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa ya kara kunne, ina kallon fuskarsa tana canzawa. Ya ja Yaya Habu gefe ya gaya masa a hankali cewa a zubar da ruwan, a yanke ɗinkin a sake da busasshiyar sanda, shi zai kama masa, babu wanda zai ji. Yaya Habu ya ɗauki abin da zafi. A ganinsa an ga ya fara tsayawa da ƙafarsa ne ake son a kunyata shi a gaban mutanen da suka yabe shi. Alhaji kuma ya ce gidansa cike yake da baƙi, ba zai bar su babu ruwa ba a kan abin da ke tsaye ƙyam, a bari kakar albasa ta wuce. Iyakar abin da Kawu ya samu shi ne aka ja igiya, aka ce kada kowa ya zauna a wurin.

Kowa ya kiyaye, ban da mutum ɗaya. Yaya Habu ya kwashe kayansa daga rumfarmu ya koma filinsa, kuma kullum in an sauko azahar sai ya tsallake igiyar ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin tankin ya kishingiɗa. Na je na roƙe shi, ya ce in ya tashi daga nan ya yarda ke nan aikinsa ruɓaɓɓe ne, kuma wa zai ƙara kawo masa ko gyaran kujera. Daga baya Kawu da kansa ya je, mutumin da ban taɓa ganin ya roƙi kowa ba. Ya tsaya a bakin igiya, ni ina bayansa.

"Habu, taso daga ƙarƙashin abin nan. Ga inuwa can, koma ka ci gaba da fushi da ni daga can."

Yaya Habu ya tashi zaune ya sunkuyar da kai, don bai taɓa ɗaga wa Kawu murya ba.

"Baffa, kai ka ce mai aiki shi ke zama ƙarƙashin aikinsa."

Kawu ya juya muka tafi. A hanyarmu ta komawa na ga yana share ido da hannun riga, na yi kamar ban gani ba.

Ranar da abin ya faru ba iska, ba hadari, an dai cika tankin da safe. Muna rumfa muka ji wata ƙara mai nauyi daga wajen gidan Alhaji. Kawu ya ajiye holda tun kafin kowa ya faɗa mana. Muna cikin gudu muka haɗu da ruwa yana gangarowa ta kwata, fari tas, irin wanda ba a saba gani a kwatar Sabo ba. Ƙafa ɗaya ce ta saki a gaɓa, tankin ya zame ya sami Yaya Habu a ƙugu. Mutane suka taru aka ɗaga, aka sa shi a motar wani direba. Bai mutu ba, amma daga ƙugu zuwa ƙasa bai ƙara jin komai ba. Kawu bai sake sa kowa ya zauna ƙarƙashin aiki ba har ya bar duniya, bai kuma taɓa cewa ai na faɗa ba. Tun daga lokacin ya rage magana, ɗan abin da yake yi da ma.

Kullum in mun tashi nakan kai wa Yaya Habu abinci asibiti. Tsokanar nan duk ta tafi, ya rame, yakan juya fuska bango in mutane suka zo dubiya. Wata rana ya ce in je in yanko masa gaɓar da ta karye, yana son ya gani. Na yi ta kewaye-kewaye, ya nace, na yanko na kawo masa a tsumma. Ta sama ɗinkin yana nan da kyansa, ko tsatsa bai fara ba. Ya juya inda ya karye, sai ga ciki duk ƙananan ramuka kamar an yanka burodi. Ya daɗe yana bin su da babban yatsa.

"Hannuna bai karkace ba," ya ce.

"Bai karkace ba, Yaya."

"Ashe ruwan yana ciki ina ta ɗinke shi."

Kuka ya ci ƙarfina, shi ne ma ya riƙa ba ni haƙuri. Ya ce in naɗe masa guntun in sa a cikin kayansa. Na tambaye shi abin da zai yi da shi, ya ce akwai ƙanensa da ke koyon aiki a gida, sun yi da shi zai biyo shi Ibadan baɗi, gara ya ga cikin kafin ya taho.

Da likitoci suka ce sun yi iyakar yinsu, fataken Alhaji suka shimfiɗa masa buhunan da aka juye a bayan wata mota mai komawa arewa, muka kwantar da shi a kai. Kawu ya riƙe hannunsa har motar ta fara tafiya. Ƙanen bai taɓa zuwa ba. Shi kuma Yaya Habu, labarin rasuwarsa ya iske mu bayan wasu shekaru a bakin wani direba, muna tsakiyar aiki, Kawu ya ce a kashe inji.